Saukarsa ta Ƙarshe Cikin Rijiya

Maigidana mai haƙar rijiya ne, haka ma ubansa. Da aka kai ni gidansa a Dakoro ban san nauyin wannan sana'a ba sai da na ga inda yake shiga. Rijiyoyin ƙasarmu ba irin na fadama ba ne, da mutum zai leƙa ya ga fuskarsa. In ka jefa tsakuwa sai ka jira kafin ka ji ta taɓa ruwa. Ina amarya na taɓa kai masa fura wani ƙauye wajen Kornaka, na tarar ana zura shi da igiya. Ina kallo hularsa tana ƙanƙancewa har duhu ya haɗiye ta. Daga ranar ban sake bin shi wurin aiki ba, sai da muka tsufa.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. In ya dawo daga aiki jikinsa da sanyi ko da ana tsakiyar bazara, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yakan zauna bakin ɗaki in kawo masa ruwa, ya wanke ƙafafunsa a hankali, sannan ya tambayi abin da yara suka ci. Bai taɓa gaya mani abin da ya gamu da shi can ƙasa ba. A bakin mutane nake jin yau igiya ta kusa tsinkewa, ko an tarar da maciji a wani rami jikin rijiya. In na tambaye shi sai ya ce, "Ai ga ni."

Allah ya ba mu ɗiya maza da mata. Cikinsu ɗanmu na fari ne kaɗai ya bi shi aikin, shi kuma bai tilasta masa ba, bai hana shi ba. Ni ba ni da bakin magana a kansa, don ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na zama kusa da shi cikin mutane, kamar yadda na ga uwata tana yi da babban wanmu. In zai tafi aiki ya zo yi mani sallama, nakan amsa ina kallon tukunya.

Da shekaru suka ja, tari ya kama maigida. Majo, babban ma'aikacin jinya na likitar unguwarmu, ya saurari ƙirjinsa ya ce ƙurar ƙasa ce ta taru, in yana son ganin jikokinsa sun girma ya daina sauka. Ya daina. Ya koma kiwon tumaki a bayan gida da tufkar igiya, da safe kuma ya kama hannun jikarmu, ɗiyar ɗan nan na fari, ya raka ta lakwal, makarantar boko. Tana kiransa tsoho, yana kiranta amarya, suna tafe suna faɗa a kan wanda ya fi wani saurin tafiya. A lokacin ne na fara barci da hankali kwance, ko da yake rabin hankalin nawa yana wurin wanda ya gaje shi.

Ranar da abin ya faru ƙarshen rani ne, zafi ya kai inda ya kai, hadari yana haɗuwa yana watsewa. Mutanen wani ƙauye wajen Rumbu sun kira ɗanmu ya yashe masu tsohuwar rijiya da ruwanta ya ja baya. Da su da makiyayan da ke zaune kewaye duk da ita suke sha. Ya tafi tun kwana biyu kafin nan. Da hantsi ina surfe sai salular maigida ta yi ƙara. Yana zaune gindin itacen bedi da igiya a hannu. Na ji ya amsa sallama, ya saurara, sannan ya ce, "Ana jin muryarsa?" Ya ji amsa ya ce, "Kada kowa ya sake shiga. Ku kore dabbobi daga bakin, ku kore su nesa."

Na ajiye taɓarya. Ya miƙe ya shiga ɗakin da yake ajiye kayan aikinsa na da, ya fito da dagi da ƴar gajerar fartanya da igiyar da ya gama tufkawa cikin makon.

"Malam, mi ya faru?"

"Rijiya ta rufta. Yana ciki, da ransa."

Na ce zan bi shi. Na yi zaton zai hana. Ya dube ni kawai ya ce in ɗauko lulluɓina.

Surukata, matar yaron, tana da tsohon ciki a lokacin. Ta fito daga ɗakinta ta gan mu da kaya, ta dafa bango. Shi ne ya matsa kusa da ita ya ce, "Mijinki ƙasa ta danne masa ƙafa, amma yana magana. Za ni in ɗauko shi. Ki zauna, kada ki fita rana." Ta ce, "To, Baba." Na kira maƙwabciyarmu ta katanga ta zo ta zauna da ita.

Kabu-kabu biyu muka hau. Hanyar rairayi ce, babur yana tafiya yana zillewa, wani wuri sai mun sauka an tura. Ina bayan mai babur ina kallon bayan maigida a gabanmu, ya rungume dagi kamar jariri. Duk sanda ƙura ta taso ina ganin kafaɗunsa suna girgiza da tari.

Tun daga nesa muka ji kukan shanu. Ba su sha ruwa ba tun jiya, sun ji ƙamshin rijiya, suna ta yunƙurin komawa. Fulani da Buzaye sun yi layi da sanduna suna tare su. Mutanen gari sun taru, maza gaba, mata baya da bido na roba da tuluna babu ko ɗigo. Da suka ga maigida sai aka dare masa hanya.

Maigari ya tarbe shi ya gaya masa yadda aka yi. Saman rijiyar siminti ne, amma can ƙasa tsohon gini ne na itace, tun na kakanni. Yaron yana kwasar laka sai itace ɗaya ya karye, rairayin da ke bayansa ya zubo ya binne shi har ƙirji. Abokin aikinsa ya sauka don ya taimake shi, ƙafarsa ta taɓa bango, wata ƙasar ta sake zubowa, aka janyo shi da sauri. An kira ƴan kwana-kwana, sun ce sun taso, amma babbar mota ce kuma hanyar kowa ya san ta. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ruwa. Idon rijiyar ya buɗe, ruwa yana tasowa a hankali.

Maigida ya cire takalmansa, ya kwanta rub da ciki, ya ja jiki zuwa bakin rijiyar. Ya kira yaron. Kowa ya yi tsit. Ni ban ji amsar ba, amma na ga ya gyaɗa kai. Ya ja da baya ya zauna.

"Ku samo mani tano na ƙarfe, da maƙeri."

Aka mirgino tano, irin gangar nan ta zuba mai, daga gidan wani mai sayar da mai. Ya ce a fasa gindinsa a cire, ya zama buɗe sama da ƙasa, don ya zura wa yaron ya kare shi daga ƙasar da za ta zubo in an fara tono. Maƙerin garin ya zauna nesa da rijiya yana sara da kurfi da guduma. Ban taɓa jin aiki ya yi mani tsawo kamar wannan ba. Kowane bugu ina jin shi cikin haƙorana, ina tunanin ruwan da ke tasowa. Maigida kuwa yana zaune yana bin igiyarsa taƙi-taƙi da yatsu, yana duba ta.

Da ya fara ɗaura igiya a ƙugunsa ne mutane suka gane shi zai sauka. Maigari ya ce, "Malam, ka dubi shekarunka. Ga samari, ka gaya masu yadda za su yi."

"Samarin nan ba su san inda ba a taɓawa ba. Kafin in koya masu ruwa ya kai masa baki."

Wani Buzu dattijo ya ce ga raƙuminsa, shi ke jan wasaki, babban gugan fata, kullum, zai fi mutane ƙarfi. Maigida ya yi masa godiya ya ce a'a, raƙumi ba ya jin a tsaya sai ya ƙara taku, a ba shi maza su riƙe da hannu. Ya ce su tsaya nesa da baki, mutum ɗaya kaɗai zai kwanta a bakin ya riƙa faɗa masu abin da ya ce. Maza da yawa suka matso. Sai ya waiga yana nemana cikin mata.

"Ke za ki kwanta nan. Muryata ba ta fita yanzu, ke ce za ki gane ta."

Na fito. Na ratsa maza na nufe shi. Da na zo kusa na ce masa a hankali, yadda ba wanda zai ji, "Malam, ƙirjinka fa?"

"Na sani."

"In na rasa ku duka biyu?"

Ya gyara mani lulluɓina da ya zame, abin da bai taɓa yi cikin mutane ba, ya yi bisimilla ya juya.

Na kwanta kan simintin, yana ƙuna kamar tanda. Aka fara zura shi, fitila ɗaure a goshinsa. Sanyi mai warin laka yana bugo mani fuska. Ina ganin hasken yana sauka yana juyawa, har ya zama kamar ƙwayar hatsi. Can na ji muryarsa, siririya, ta ce a tsaya. Na ɗaga kai na faɗa. Aka zura tanon da wata igiya, a hankali don kada ya bugi bango. Ya bugi bangon sau ɗaya duk da haka, na ji rairayi yana zuba shuu, na rufe ido har ya tsaya.

Da maigida ya zura wa yaron tanon, sai aikin guga. Ya cika, ya ce a ja, in faɗa, a ja, a zubar, a mayar. Da fari busasshen rairayi ke fitowa, daga baya jiƙaƙƙe, daga baya laka tana ɗigar ruwa. Tsakanin guga da guga ina jin tarinsa, rijiyar tana ƙara masa girma. Wani lokaci ina jin su biyun suna magana ƙasa-ƙasa, ban san mi suke cewa ba. Aka kira azahar a masallacin garin, waɗanda ba su riƙe da igiya suka yi taimama suka yi salla nan kan rairayi. Wata mata ta rarrafo ta ɗora mani zane a ka saboda rana, ta koma.

Ban san abin da ya firgita shanun ba. Na dai ji ihun makiyaya, na ji ƙasa tana rawa ƙarƙashin cikina. Wasu shanu sun ɓalle sun nufo rijiya. An tare su kafin su iso, amma nauyin gudunsu ya riga ya kai ƙasa. Na ji wani ƙara daga ciki kamar an juye buhu, sai ƙura ta taso ta cika mani ido. Hasken fitilar ya ɓace.

Na ce, "Malam." Shiru. Na sake kira da ƙarfi. Shiru. Masu igiya suna tambayata ko su ja, na ɗaga masu hannu, don ban san ko igiyar tana jikinsa ba ko ta naɗe wani itace. Wani ya fara salati a bayana, mata suka ɗauka.

Sai na kira yaron da sunansa. Sunan da aka raɗa masa, wanda bai taɓa fita bakina ba tun ranar suna. Na kira shi har sau nawa ban sani ba, duk garin yana ji.

"Inna."

Can ƙasa, kamar daga wani gari. Ya ce ƙasa ta rufe Baba har kafaɗa ta wajen tano, amma hannunsa ɗaya ya kai gare shi, yana share masa fuska. Ya ce kada a ja. Na faɗa wa masu igiya. Muka jira. Can sai na ji tari, tari mai tsawo wanda ba ya son ƙarewa, ban taɓa jin daɗin jin shi ba sai ranar. Bayan tarin muryar ta ce, "Guga."

Har yau ba wanda ya taɓa yi mani zancen sunan nan da na kira, ko cikin wasa.

Suka ci gaba, yanzu su biyu ke cika gugan, uba yana tono ta waje, ɗa ta ciki. Ruwa ya kai wa yaron wuya kafin su iso ga itacen da ya danne masa ƙafa. Wannan daga baya na ji. Abin da na sani a lokacin shi ne maigida ya nemi dagi, aka zura masa, aka daɗe, sannan na ji ƙarar yaron, ƙara ɗaya mai ratsa jiki. Sai muryar uban: a ja igiya ta biyu, a hankali.

Yaron ya fito laka tun daga kai har ƙafa, ƙafar hagu tana lilo ta inda bai kamata ba. Maza suka karɓe shi suka kai shi inuwa. Ban tashi na bi su ba, ban ma waiga sosai ba, don ɗayan yana ciki.

Na ce, "Malam, ya fito. Saura kai."

Ya ce to. Masu igiya suka gyara tsayuwa. Na jira ya ce a ja, bai ce ba. Ashe ya kwance igiyar ƙugunsa lokacin da ƙasa ta rufe shi, don ya samu ya zare jikinsa, yanzu kuma yatsunsa sun ƙi ɗaurawa. Ina jin numfashinsa, yana ja kamar ana zarto. Rairayi yana ci gaba da zuba kaɗan-kaɗan, ba ya tsayawa.

"Malam, ka ɗaura."

"Bari in huta."

"Ba wurin hutu ba ne. Ka ɗaura ka huta a sama."

Tun da aka yi aurenmu ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ranar na yi masa faɗa kamar yaro. Na ce surukarsa tana gida tana jira, na ce amaryarsa ta kusa tasowa daga lakwal, wa zai gaya mata. Na ce abubuwa da yawa da ba na tunawa. Dattijon Buzun nan ya rarrafo kusa da ni, ya ɗaura maɗauki a bakin ɗaya igiyar, irin wanda mutum zai zura hannuwa kawai, muka zura masa. Aka daɗe. Sannan igiyar ta motsa.

Da ya fito fuskarsa ta yi toka, leɓɓansa sun yi baƙi. Aka kwantar da shi kusa da ɗansa. Ya buɗe ido ya dubi ƙafar yaron, ya ce a samo kara a ɗaure ta kafin a motsa shi, ya sake rufe ido. Ana cikin ɗaurin sai motar ƴan kwana-kwana ta iso, sun sha fama da rairayi su ma. Suka sa masa abin shaƙar iska a hanci, suka ɗauke mu duka zuwa Dakoro. Ana kiran la'asar muka bar garin. Ta tagar mota na ga makiyaya sun kaɗa shanunsu sun nufi wata rijiyar, ba su sha ba.

Yaron ya warke, amma da ɗingishi, bai sake sauka rijiya ba. Yanzu zoben siminti yake zubawa ana saye. Matarsa ta haihu lafiya farkon damina, namiji. Maigida ya yi makonni a asibiti, ya fito, sai dai ƙirjin bai koma yadda yake ba. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango. Rakiyar lakwal ta gagare shi, sai yarinyar ta koma in ta taso ta zauna gabansa ta karanta masa abin da aka koya masu da Faransanci. Ba ya jin ko kalma, amma yakan ce ta sake, wai ba ta faɗa daidai ba.

Na yi kwanaki ina fushi da shi bayan mun dawo gida, ban san dalili ba. Ina kai masa abinci, ina dafa masa magani, amma ba na zama. Wata rana da yamma ya ce in zauna. Ya ce tambayar da na yi masa bakin rijiya ya ji ta, ba shi da amsa ne. Ya ce da ya tsaya a sama ya aika ɗan wani, ko ya jira, da bai san yadda zai dawo gidan nan ya dube ni ba. Na ce na sani. Tumaki suna kuka a baya, ya ce in je in ba su dusa.

Ya ga damina biyu bayan wannan. Ya ga jaririn ya yi tafiya, yakan riƙe masa yatsa su zagaya tsakar gida, su biyun suna tangaɗi. Lokacin sanyi tarin ya tsananta. Ranar da zai rasu ya yi sallar asuba a zaune, ya sha fura kaɗan, ya ce a fitar masa da tabarma wurin hantsi. Na shimfiɗa masa, na koma na ɗora ruwan zafi. Da na dawo na tarar ya jingina da bango, ɗanmu na fari yana durƙushe gabansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Maigida ya faɗe ta, a hankali, har ƙarshe.

Wurin zaman makoki mutane suka yi ta zuwa waɗanda ban taɓa gani ba, daga Mai Yara, daga Rumbu, daga rugage da ban san sunansu ba. Wasu a amalanke, wasu a kan raƙuma. Kowa zai yi gaisuwa ya faɗi sunan garinsu, ya ce shi ya haƙa masu rijiya, ko shi ya yashe ta shekarar da ta ƙafe. Wasu garuruwan ban ma san ya taɓa zuwa ba. Wata tsohuwar Bafulatana ta zo a ƙasa da ƙwaryar nono a ka, Hausarta ba ta da yawa. Ta ajiye ƙwaryar gabana, ta zauna kusa da ni har rana ta yi sanyi, ta riƙe mani hannu. Da za ta tafi na tambaye ta daga ina take. Ta nuna arewa da haɓa, ta ɗauki sandarta ta fita.